Madubin Da Ko Ƙwarzane Bai Yi Ba

Jama'ar wannan shafi, sannunku da zama. Kun dai san ni, Allah ya ba ni ido. Ɗan ƙwaya ko wanka ya yi ya fesa turare ya riƙe carbi, kallo ɗaya zan yi masa in gane shi. Ko ta waya ya yi min sallama, daga yadda ya ja muryar zan faɗa maka guda nawa ya haɗiya.

To, na ɗan ƙara gishiri. Gaskiyar magana, wanda zan ba ku labarinsa yau shekara biyu muna haya a gida ɗaya, bango ne kawai tsakaninmu, kuma ni ne nake nuna wa yarana shi ina cewa su koyi ƙwazo a wajensa. Idon nawa ya tafi hutu kenan. Ku gyara zama, don ni tun safe na kasa zama saboda labarin nan.

Akwai wani mai yankan gilashi, kowa Lallaɓa yake ce masa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. In za a ɗaga gilashi, in za a sauke shi daga mota, in za a hau da shi bene, maganarsa ɗaya ce: "A lallaɓa, a lallaɓa." Har sunansa na gaskiya ya ɓace.

Kuma mutumin ya iya aiki. Na sha tsayawa a ƙofar shagonsu ina kallo. Zai kwantar da gilashi a kan tebur mai bargo, ya ja tef, ya ɗora katakon awo, ya tsoma bakin abin yankan a kananzir, ya ja layi sau ɗaya tak. Ya ce wanda ya maimaita layi ya ɓata gilashi. Sai ya ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, ya danna, ka ji ƙas, ya rabu biyu kamar an yanka sabulu.

Matarsa kuma Maman Biyu ake kiranta, saboda tagwaye mata da Allah ya ba su, 'yan shekara huɗu. Tana koyarwa a makarantar ƙananan yara. Mace ce mai dariya. In ta ƙyalƙyale a ɗakinsu, mu ma a namu sai mun taya ta, ba mu ma san me aka ce ba.

Abin ya fara ne da ciwon baya. Ɗaukar gilashi zuwa hawa na uku da na huɗu ba wasa ba ne. Wani abokin aikinsa ya miƙa masa ƙwaya ɗaya, ya ce ta ciwon jiki ce. Ta yi aiki kuwa. Ranar aikin mutum uku ya yi shi kaɗai.

Ɗaya ta koma biyu. Biyu ta koma kati guda. Daga baya aka haɗo da kwalbar maganin tari, wai don a samu a sauko.

Dama can Lallaɓa yana da zuciya, wannan ba zan ɓoye ba. Yakan yi tsawa, yakan buga ƙofa. Amma hannu bai taɓa kai wa kowa ba.

Sai mutum ya daina zama waje ɗaya. In ya zauna ƙafa tana rawa, hannu yana sosa hanci. Ya share matakalar bene, ya dawo ya sake share ta. Wata rana ya zo ya kwance min hannun ƙofa ya mayar, alhali lafiyarsa ƙalau. Ni kuma na ce wa madam ɗina, "Kin ga namiji. Ba irin ƙannenki ba masu barci har rana ta take." Ta kalle ni ta ci gaba da wankinta.

Marin farko da ya yi wa matarsa a kan shayi ne, wai ya huce. Washegari ya durƙusa a gabanta yana kuka, yana rantsuwa bai tuna komai ba. Maman Biyu ta tafi wajen Kawunta, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama, tsohon direban babbar mota ne. Kawu ya kira Lallaɓa ya yi masa faɗa sosai, sannan ya juya wajenta.

"Kin ji dai da kunnenki. Ba shi ba ne, ƙwaya ce. Mutumin da ba ya cikin hayyacinsa me za a kama shi da shi? Ki yi haƙuri ki koma, ya yi alkawari ya bari."

Ta koma. Alkawarin ya yi kwana tara.

Na biyu hankaɗa ta ya yi ta bugu da kabad, kafaɗa ta kumbura. Aka sake zama, aka sake kuka, aka sake "ban tuna ba". Kowa ya tsine wa ƙwaya, ya tsine wa masu sayar da ita, aka shafa addu'a aka watse. Ƙwaya dai ba ta zuwa zaman sulhu, don haka zaginta ba wuya.

Daga nan dariyar nan ta ɗauke. Maman Biyu ta koma karatun matakala. Ta gaya wa madam ɗina cewa in yana hawowa bibbiyu, to yana sama, ranar surutu ne da kyauta. In yana jan ƙafa yana tsayawa a tsakiya, to ƙwayar ta fara sakinsa, sai ta tura tagwaye ɗakinmu. Da yamma ta yi ba ta iya zama. Ta leƙa taga, ta goge tebur, ta sake leƙa taga, ta taɓa butar shayi ta ji ko da zafi.

Madam ta sha ce min, "Malam, ka yi masa magana mana, kai ne babba a gidan nan."

Ni kuma in ce, "Harkar miji da mata ce. Gobe za su shirya su bar ni da kunya." In ƙara wa fanka gudu don ta rufe ƙarar. Wannan ban ƙara gishiri ba, haka na yi.

Ranar wata Alhamis Maman Biyu ta dawo daga makaranta, ta shiga ɗora tukunya. Ta fito ta tarar da ɗaya daga cikin tagwayen zaune a ƙasa da gwangwanin madara a buɗe, ta ɓallo ƙwaya biyu a tafin hannu, tana ce wa 'yar uwarta alewa ce. A can uban yake ɓoye kayansa.

Ta fizge, ta buɗe bakin yarinya ta duba, Allah ya sa ba ta kai ba. Ta kwashe kati biyar ɗin da ke ciki, ta ɓalle su ɗaya bayan ɗaya a masai, ta kora ruwa.

Sai da ruwan ya tafi ta gane abin da ta yi.

Ta kawo mana yara. Madam ta ce ta zauna a wajenmu. Ta zauna, ta miƙe, ta sake zama, ta ce a'a, in ya zo bai same ta ba abin zai fi muni. Ta koma ɗaki.

Bayan la'asar sai ga Lallaɓa yana hawowa da wani madubi wanda ya fi shi tsawo. Na wata mai gyaran gashi ne, ya kai mata ya tarar ta rufe shago, shi ne ya taho da shi gida kafin safiya. Na ga idonsa jawur, gumi yana zuba, amma madubin nan a tsaye yake a hannunsa ko girgiza ba ya yi. Har yana ce wa kansa, "A lallaɓa."

Ya shiga, ƙofa ta rufe. Muka ji an buɗe gwangwani. Muka ji muryarsa, muka ji tata. Sai shiru.

Shirun ya ɗan daɗe, har na ce wa madam, "Kin gani ko, sun sasanta."

Ban rufe baki ba muka ji abin da ba na son in rubuta.

Madam ce ta fita da murfin tukunya tana dukan ƙofarsu tana kiran maƙwabta, har ya buɗe. Ita ta kai Maman Biyu asibiti, jini yana fita ta kunnen hagu. Likita ya ce abin cikin kunnen ya fashe, wataƙila ji ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Daga asibiti gidan Kawu ta wuce da yaranta.

Bayan kwana goma aka kira zama na uku a falon Kawu. Abin da za a yanke ɗaya ne: ta koma ɗakin nan ko kar ta koma. Ni aka kira ni a matsayin maƙwabci. Madam tana gefen Maman Biyu, wadda ta zauna da auduga a kunne. Shi kuma Lallaɓa ya yi dabara, ya taho da Maigidansa na shago don ya shaide shi.

Ya fara kamar yadda ya saba. Hawaye, rantsuwa, ƙafa tana rawa.

"Kawu, wallahi daga lokacin da na hawo bene ban san inda kaina yake ba. Sai farkawa na yi na ga mutane. In na sha abin nan ba na sanin hannuna daga ƙafata."

Kawu ya yi ajiyar zuciya. Na ga alamar maganar da ya saba tana tahowa bakinsa.

Sai Maigida ya gyara murya. Dattijo ne mai son yaronsa, ya zo ne ya taimaka.

"Kawu, ni dai abin da na sani zan faɗa. Yaron nan na kirki ne. Na daɗe da sanin yana shan abin nan, na yi masa faɗa har na gaji. Amma ko a buge yake, bai taɓa fasa min ko gilashin taga ɗaya ba. Akwai masu ba mu aiki da za su zage shi tas, ya ce musu Allah ya huci zuciyarku. Ni kaina na taɓa ɗaga masa hannu a gaban mutane, ya sunkuyar da kai. Irin wannan mutumin ai ba mugu ba ne."

Lallaɓa yana ta gyaɗa kai, yana jin daɗi.

Maman Biyu ta juyo da kunnen dama wajen Maigida.

"Baba, in tambaye ka?"

"Tambayi, 'yata."

"Madubin mai gyaran gashin nan, an kai mata?"

"Washegari da safe aka kai."

"Ya fashe?"

Maigida ya yi murmushi irin na mai alfahari da yaronsa. "Ko ƙwarzane babu. Har yabawa ta yi."

Ta ce, "To Kawu, bari in gaya maka yadda aka yi bai fashe ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da ya shigo, da hannu ɗaya ya buɗe gwangwani ya ga wayam. Ya tambaye ta, ta gaya masa gaskiya, har da maganar yarinya. Ya kalle ta, ya ce ta miƙo masa kwali. Ta miƙa. Ya shimfiɗa a ƙasa, don ba a ɗora gilashi a kan siminti. Ya ce ta ba shi filo. Ta ba shi. Ya jingina madubin da bango, ya sa filon a baya, ya duba ya ga bai zauna daidai ba, ya gyara. Ya janye kujera daga kusa da shi don kar a ture ta ta faɗa kai. Ya yaye zanen gado ya lulluɓe shi. Ya cire safar hannunsa ya ninke ya sa a aljihu.

"Sannan ya kama ni ya ja ni can ɗaya ɓangaren ɗakin, nesa da madubin. A can ya dake ni."

Shirun nan da muka ji har na ce sun sasanta, ashe shi ke nan.

Ta ce, "Ni na miƙa masa filon da hannuna, Kawu. Sau biyu kana ce min ƙwaya ce, na yarda. To wace irin ƙwaya ce ta san madubi yana fashewa, ta san Maigida ba a taɓa shi, ta san mai ba da aiki ba a mayar masa da zagi, amma ni kaɗai ce ba ta gane ba?"

Maigida ya cire hularsa ya kalli cikinta kamar amsar tana ciki.

Kawu ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya kaɗa.

"Shekara talatin ina tuƙi. Na ga mota da birki ya tsinke ba sau ɗaya ba. Amma ko birki ya tsinke, sitiyari yana hannun direba, shi yake zaɓar inda zai kai ta. Ƙwaya ta tsinke maka birki, wannan gaskiya ne. Kai kuma ka duba duk garin nan ka ga ba inda za ka kara motar a bar ka sai jikin 'yata. Ni kuma sau biyu ina mayar maka da ita kan hanya."

Nan fa ni ma na miƙe tsaye na ce, "Kawu, in yarinyar nan ta koma gidan can, ni zan kwanta a bakin ƙofa in hana ta shiga." Kowa ya jinjina min.

Kawu ya juya wajen Lallaɓa. "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kar ka rantse min. Ka tuna filon?"

Ƙafar nan da take rawa tun da muka zauna ta tsaya cak. Ya kalli Maigida, Maigida ya kau da kai. Ya kalli ƙofa.

Can ƙasa ƙasa ya ce, "Na tuna."

Kawu ya ce, "To ba za ta koma ba."

Lallaɓa ya fara cewa zai bari, daga yau, yanzu ma. Maman Biyu ta ce, "Ka bari don kanka da 'ya'yanka, zan fi kowa murna. Amma ciwo biyu ne a jikinka, ɗaya a kati yake, ɗaya a hannunka. Ni ba zan zauna a ɗaki ina jira in ga wanne ya fara warkewa ba."

Ta nemi takardarta. Ya yi ta jan ƙafa har wata guda, ya turo wannan ya turo wancan. Daga ƙarshe ya rubuta.

Maigida bai yar da shi ba. Shi ya kai shi asibitin da ake kula da masu shaye-shaye. Karon farko ya gudo bayan sati biyu ya koma ruwa. Karo na biyu ya zauna. Yanzu wata biyar ke nan bai sha ba, in ji Maigida, kuma akwai wata ma'aikaciya a can da yake zuwa wajenta duk mako suna magana a kan zuciyar tasa, don ta ce masa barin ƙwaya rabin aiki ne. Ya rame, ya rage surutu. Ran Asabar yana zuwa falon Kawu ya ga tagwaye, ƙofa a buɗe, Kawu yana zaune da rediyonsa.

Wasu a unguwa suna cewa ta yi gaggawa, ga shi mutum ya shiryu. Masu faɗin haka duk kunnuwansu biyu suna aiki.

Ita kuwa jin ya dawo rabi. Ta koma makaranta, tana tsayawa ta yadda yara za su kasance a damanta. Ran nan ta zo gaishe da madam, na jiyo dariyar nan daga tsakar gida har na taya ta ban san me aka ce ba. Amma bayan na shigo, da wani ya hawo bene da gudu, sai na ga ta yi shiru tana saurare, kofi a hannu, har sai da ya wuce.

Darasi: Shaye-shaye yana rura wutar duka a cikin gida, kuma wanda ya faɗa ciki a kai shi asibiti, kar a tsaya a rantsuwa da kuka. Amma kar a ɗora wa ƙwaya laifin hannu a sallami mai hannun. In 'yarku ko ƙanwarku ko maƙwabciyarku ta zo da rauni, a fara tsare lafiyarta kafin a fara maganar sulhu, kuma wanda ya ji ƙara ta bango ya tashi ya buga ƙofa. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wadda take zaune yanzu tana sauraren matakala.

Na gama rubutawa ke nan ina karanta wa madam kafin in saka, ta ce in tsaya.

"Koma baya. Wa ka ce ya miƙe ya ce zai kwanta a bakin ƙofa?"

Na ce, "Ni mana."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ina wajen fa. Tun da aka zauna kana kusurwa kana cin biskit ɗin Kawu. Sau ɗaya ka yi magana, kafin yarinyar ta buɗe baki, kuma abin da ka ce shi ne a duba tagwaye, ta yi haƙuri ta koma. In za ka saka, ka saka har da wannan."